Darasi na 14: Yadda Ake Binciken Babbar Lamba

Duk wanda ya shigo Sabha a mota, ko ta hanyar Agadas da Dirku da Gatrun, ko ya gangaro daga Tarabulus, ba sai an gaya masa Libiya tana da faɗi ba. Ya gani da idonsa, gwiwoyinsa ma sun shaida. Littattafan labarin ƙasa sun ba wannan faɗin lamba: murabba'in kilomita 1,759,540. Da ita Libiya ta zama ta huɗu a girma a Afirka, bayan Aljeriya da Kwango ta Kinshasa da Sudan.

Wannan lambar ce abin aikinmu a darasin nan. Za mu karanta ta, mu jarraba ta da ƙananan lambobi, mu warware ta har tushe, sannan mu ga jinsin da take ciki. Ku tanadi takarda da biro. Na'urar lissafin da ke cikin waya a ajiye ta tukuna, lokacinta zai zo.

Karanta ta da baki

Alƙaluma bakwai ne: 1, 7, 5, 9, 5, 4, 0. Daga dama ake yanka su uku-uku. Rukunin farko, 540, shi ne na ɗaiɗai. Na biyu, 759, na dubbai. Ɗayan da ya rage a hagu miliyan ne. Ku lura akwai 5 har biyu, amma darajarsu ba ɗaya ba ce: ta hagu tana tsaye a madadin 50,000, ta dama kuwa 500 kacal. Gurbi ne yake ba alƙalami daraja.

A baki, Hausa tana da wani tarko a nan. In mutum ya ce "dubu ɗari bakwai da hamsin da tara", mai sauraro yana iya rubuta 759,000, yana kuma iya rubuta 700,059, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Maganinsa a maimaita kalmar dubu: miliyan ɗaya, da dubu ɗari bakwai da dubu hamsin da tara, da ɗari biyar da arba'in. Wanda yake aika kuɗi gida, ko yake karɓar saƙon wani ta waya, ya riƙe wannan da kyau.

A rubuce ma akwai inda ake tuntuɓe. Wanda ya yi makaranta a Najeriya waƙafi yake sawa tsakanin rukunoni. Wanda ya yi a Nijar fili yake bari, ko ya ɗiga aya, waƙafi kuwa a wurinsa alamar gutsure ce. Ga kuma dinarin Libiya, wanda dirhami 1,000 ne a cikinsa, saboda haka in kun ga 5.250 a takardar farashi, dinari biyar ne da dirhami 250, wato biyar da kwata. A littafin nan waƙafi muke sawa tsakanin rukunoni.

Tambayoyin da ake yi wa wutsiya

Ɗalibai da yawa in sun ga doguwar lamba sai gabansu ya faɗi, suna zaton kafin a san komai a kanta sai an yi doguwar rabawa. A'a. Rabin labarinta yana wutsiya.

Tambaya ta farko ita ce ta wasan yara: cika ko mara? Lambarmu ta ƙare da 0, saboda haka cika ce, 2 yana raba ta ba saura: 879,770 sau biyu. Wannan sifilin dai shi ya gaya mana 5 yana shiga, 10 ma yana shiga. Dalili kuwa, duk abin da ke hagu da alƙalamin ƙarshe gomomi ne, kuma 2 da 5 da 10 duk suna raba goma. Ƙarshen kaɗai ya rage a duba.

Don 4, alƙaluma biyu na ƙarshe ake dubawa, tunda 4 yana raba 100 daidai. Namu 40 ne, 4 ya shiga sau goma. To, ya raba lambar duka: 439,885 sau huɗu. Don 8 kuwa uku na ƙarshe ake dubawa, tunda 8 yana raba 1,000. A raba 540 gida takwas, za a sami 67 saura 4. Takwas bai shiga ba. Haka 25: 40 ba ya rabuwa da shi.

Na 3 da 9 hanyarsu dabam, tara alƙaluman ake yi: 1 + 7 + 5 + 9 + 5 + 4 + 0 = 31. A raba 31 gida uku, saura 1. A raba shi gida tara, saura 4. Wannan sauran shi ne ainihin sauran da za ku samu in kuka zauna kuka raba 1,759,540 ɗin kanta. Me ya sa? Goma tara ce da ɗaya, ɗari 99 ce da ɗaya, dubu 999 ce da ɗaya. Kowane gurbi yana barin ɗaya a baya in an kwashe tara-tara, saboda haka ɗari bakwai za ta bar bakwai, dubu biyar za ta bar biyar. Tunda 3 bai shiga ba, kada ku wahalar da kanku da 6 ko 12 ko 15 ko 24, babu wanda zai shiga.

Akwai wata dabara da na fi so a kan duk waɗannan, domin lambobi uku masu taurin kai take kamawa a lokaci guda. 7 × 11 × 13 = 1,001, wato dubu da ɗaya. Saboda haka a ɗauki rukunonin uku-uku, a tara na farko da na uku, a kwatanta da na tsakiya: 540 + 1 = 541, sannan 759 − 541 = 218. Yanzu wannan ƙaramar 218 za a tambaya. Gida bakwai: 31 saura 1. Gida sha ɗaya: 19 saura 9. Gida sha uku: 16 saura 10. Duka ukun sun sha ƙasa, kuma ba mu yi doguwar rabawa ko sau ɗaya ba.

Saura ba abin raini ba ne. Fataken da suka yi ta safara tsakanin Kano da Ghat da Murzuk, da wuri suke ciniki a kasuwannin gida, kuma wuri 20,000 ake ɗurawa a keso ɗaya. Da a ce 1,759,540 wuri ne, keso 87 za a cika, a bar 19,540 a ƙasa, saura 460 na 88 ya cika. Mai ƙirgan da ya manta da wannan ragowar ya yi wa maigidansa asarar kusan keso guda.

Warware ta har tushe

Wasu lambobi ba abin da yake raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka har gaba. A littafin nan muna kiransu gagara-rabo. 'Ya'yanku da ke makarantun Sabha za su ce muku adadi awwali, abu ɗaya ne. Sauran lambobin da suka wuce 1 duk haɗaɗɗu ne, daga ninka gagara-rabo aka same su, kuma kowace haɗaɗɗiya hanya ɗaya tak take warwaruwa. Ita 1 ba ta cikin waɗannan, ba ta cikin waɗancan.

Mu fara cire waɗanda muka riga muka sani:

1,759,540 ÷ 2 = 879,770
879,770 ÷ 2 = 439,885
439,885 ÷ 5 = 87,977

A nan aiki ya tsaya cak. 87,977 mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, alƙalumanta sun taru 38, wanda 3 ba ya rabawa. Mun riga mun kori 7 da 11 da 13. Shin gagara-rabo ce, ko akwai wani mai raba ta da ya ɓuya can gaba?

Kada wani ya ce sai an gwada lambobi dubu tamanin da bakwai ɗaya bayan ɗaya. Masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba. Ga 36: 2 da 18, 3 da 12, 4 da 9, sai 6 da 6 inda suka haɗu. Daga nan duk wanda ka samu, ka riga ka ga abokinsa a baya. To ina ne mahaɗar 87,977? 296 × 296 = 87,616, bai kai ba. 297 × 297 = 88,209, ya wuce. Ke nan in akwai mai raba ta, dole ƙaraminsa yana ƙasa da 297. Kuma ba kowace lamba za a gwada ba, gagara-rabo kawai, domin in 2 bai shiga ba, 4 da 6 da 8 ba za su shiga ba. Gagara-rabo da ke ƙasa da 297 guda 62 ne, na ƙarshensu 293.

Hanyar fitar da su ta wani mutumin ƙasar nan ce. Iratostin, masanin zamanin Girkawa, an haife shi wajen shekara 276 kafin haihuwar Annabi Isa a birnin Sirin, wanda kufansa yake Shahhat a yankin Jabal Akhdar, gabashin Libiya. Daga baya ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariya, kuma shi ne ya auna kewayen duniya ta hanyar kwatanta inuwar rana a Iskandariya da Aswan. Dabararsa ana kiranta rariya. A rubuta lambobi daga 2 zuwa inda ake so. A bar 2, a soke duk ninkinta: 4, 6, 8 har ƙarshe. A bar 3, a soke ninkinta. Lamba ta gaba da ba a soke ba ita ce 5, a bar ta, a soke ninkinta. Don lambobin ƙasa da 300, da zarar an gama da 17 aiki ya ƙare, tunda 19 × 19 ya riga ya kai 361. Abin da ya tsira daga suka shi ne gagara-rabo.

Yanzu ku ɗauko waya. Ku kasa jerin 62 ɗin tsakaninku a aji, kowa ya ɗauki biyar ko shida, ya raba 87,977 da su. Za ku tarar babu wanda ya fita cif. Wasu sun kusa ƙwarai: 7 × 12,568 = 87,976, saura ɗaya. 31 × 2,838 = 87,978, ya zarce da ɗaya. Amma a wannan fage kusa da nesa duk ɗaya ne. 87,977 gagara-rabo ce. Saboda haka:

1,759,540 = 2 × 2 × 5 × 87,977

Kafin mu wuce, a auna amsar da mizanin tara, tsohuwar hanyar da malaman hisabi suke duba aikinsu. 87,977 ta tara 38, saura 2 in an kwashe tara-tara. 20 ma saura 2. Biyu sau biyu huɗu. Ita kuma 1,759,540 mun ga sauranta 4. Sun dace. Mizanin ba ya kama kowane kuskure, in mutum ya sauya wa alƙaluma biyu wuri ba zai gane ba, amma yana kama mafi yawa.

Ku ɗan leƙa maƙwabciyar 87,977 ta gaba, wato 87,978. Ita 2 × 3 × 11 × 31 × 43 ce, tushe biyar daban-daban. Ɗaya kawai ke tsakaninsu, amma ɗaya ta ƙi kowa, ɗayar kuwa ta buɗe ƙofa. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna muku: girman lamba ba ya nuna halinta, maƙwabtaka ma ba ta nunawa. Sai an bincika.

Gagara-rabo ba su da iyaka, masanin lissafi Iƙilidis ya tabbatar da haka a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A watan Oktoba na 2024 an gano wata mai alƙaluma 41,024,320. Kuma suna da amfani a aljihunku. Ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, amma a ba ta amsar a ce ta gano su waye aka ninka, in alƙaluman sun kai ɗaruruwa, nan take gumi. A kan wannan wahalar aka gina ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kulle bayanai a intanet, wadda aka fito da ita a 1977, kuma bankuna suna cikin masu dogara da irinta.

Masu raba ta nawa ne?

Da tushe a hannu, ƙirga masu raba lamba wasa ne. 2 ya fito sau biyu, saboda haka zaɓi uku ne: a bar shi, a ɗauki ɗaya, ko a ɗauki biyun. 5 ya fito sau ɗaya, zaɓi biyu. 87,977 ma zaɓi biyu. 3 × 2 × 2 = 12. Ga su:

1, 2, 4, 5, 10, 20
87,977; 175,954; 351,908; 439,885; 879,770; 1,759,540

Shida ƙanana, shida manya, tsakaninsu kuma wani dogon fili fayau daga 20 har 87,977. Lamba mai miliyan da ɗoriya, amma masu raba ta goma sha biyu kacal, daidai da na 60. Faɗin Jamhuriyar Nijar, murabba'in kilomita 1,267,000, bai kai na Libiya ba, amma shi 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 7 × 181 ne, masu raba shi 4 × 4 × 2 × 2, wato 64.

Mai giɓi, kammalalliya, mai rara

Tsoffin masana lissafi, Girkawa da Larabawan da suka gaje su, suna da wani rabe-raben. A tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ba ta kai lambar ba, mai giɓi ce: 8 tana da 1 + 2 + 4 = 7. In ta yi daidai, kammalalliya ce: 6 = 1 + 2 + 3, haka 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. In ta zarce, mai rara ce: 12 tana da 1 + 2 + 3 + 4 + 6 = 16. Kammalallu tsada gare su. Bayan 6 da 28 sai 496, sai 8,128, ta biyar kuwa sai can 33,550,336. Har yau ba a ga kammalalliya ko ɗaya da take mara ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ba.

Lambarmu fa? Ƙananan shida sun tara 42. Manyan biyar sun tara 1,935,494. Jimla 1,935,536, ta zarce lambar da 175,996. Mai rara ce. Amma mai wayo ba sai ya yi wannan doguwar tarawar ba. Lambar tana da rabi, da rubu'i, da humusi, da ushuri. Rabi da rubu'i kashi 75 cikin ɗari ne, humusi 20, ushuri 10, sun zama 105. Tun a nan an wuce cikakke. Duk lambar da 20 take rabawa haka za ta fito, domin 20 ɗin kanta mai rara ce, kuma ninkin mai rara ba ya zama komai sai mai rara.

Waɗanda suka zauna gaban malami suka yi karatun gado za su ji wannan bai zame musu baƙo ba. Asalin mas'ala a can yakan zama 6 ko 12 ko 24, saboda lambobi ne da rabi da sulusi da sudusi suke fita a cikinsu ba karaya. Sun kuma san cewa kason magada yana iya taruwa ya fi asalin, abin da ake kira auli. Lissafin biyu ba ɗaya ba ne, amma idon da ya saba da wancan zai yi saurin gane wannan.

Akwai kuma lambobi masoya juna. Masu raba 220, ban da ita kanta, sun tara 284, masu raba 284 kuma, ban da ita kanta, sun tara 220. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fitar da ƙa'idar samo wasu daga cikin irinsu. Ba za mu shiga ƙa'idar a wannan aji ba, amma gwada 220 da 284 yana cikin aikin gida.

Shin murabba'i ce?

Murabba'i ita ce lambar da ake samu in an ninka lamba da kanta, kamar 25 ko 144. Shaidu uku sun ce tamu ba ita ba ce. Murabba'in da ya ƙare da sifili, sifilansa bibbiyu suke zuwa, kamar 100 da 3,600, tamu kuwa ɗaya gare ta. Na biyu, masu raba murabba'i yawansu mara ne kullum, saboda na tsakiyar shi ne abokin kansa, namu kuwa 12 ne. Na uku, 1,326 × 1,326 = 1,758,276, sannan 1,327 × 1,327 = 1,760,929, lambarmu ta faɗa tsakani. Wannan na ƙarshen yana da amfani ko ba don jarrabawa ba: da za a gyara taswirar Libiya ta zama fili mai kusurwa huɗu daidai wa daida, kowane gefe zai ɗan haura kilomita 1,326. Daga Sabha zuwa Tarabulus a miƙe kimanin kilomita 640 ne, bai kai rabin gefe ɗaya ba.

Lambar awo da lambar ƙirga

Duk abin da muka gano halin lambar 1,759,540 ne, ba halin ƙasar Libiya ba. Buhunan dabino da aka loda a mota ƙirga su ake yi, in 240 ne to 240 ne. Faɗin ƙasa kuwa auna shi ake yi, kuma awo ya dogara da kayan aiki, da inda aka ce gaɓar teku ta tsaya, da inda aka shata iyaka. Libiya da Chadi sun yi shekaru suna jayayya a kan Zirin Awuzu kafin Kotun Duniya ta yanke a 1994 cewa na Chadi ne. Lambar faɗin ƙasa tana bin irin wannan hukunci.

Wasu littattafan ma 1,759,541 suke rubutawa. A ƙasa, bambancin murabba'in kilomita ɗaya ne a cikin rairayi, ba wanda zai lura. A takarda kuwa komai ya juye. Sabuwar lambar mara ce, 2 da 4 da 5 da 10 da 20 duk sun fita. A gwada dabarar 1,001: 541 + 1 = 542, sannan 759 − 542 = 217, wanda yake 7 × 31. Bakwai da ya gaza ɗazu yanzu ya shiga: 7 × 251,363. Saboda haka in wani ya zo muku da lambar awo yana cewa ya gano wani sirri a cikin alƙalumanta, ku tambaye shi wa ya auna, da me, kuma da wane ma'auni, domin in aka mayar da kilomita zuwa mil, alƙaluman duk za su sauya.

Aikin yi

1. Faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne. Rubuta shi da kalmomin Hausa yadda ba wanda zai ruɗe. Sannan ba tare da doguwar rabawa ba, faɗi wanne ne yake raba shi cikin 2, 3, 4, 5, 8 da 9.

2. Yi rariyar Iratostin daga 2 zuwa 100. Gagara-rabo 25 ya kamata su tsira. In naka sun fi haka, duba 51 da 57 da 87 da 91.

3. Libiya ta sami 'yancin kai ranar 24 ga Disamba, 1951. A Sabha aka shelanta Jamahiriyya ranar 2 ga Maris, 1977. Ɗaya daga cikin shekarun nan biyu gagara-rabo ce. Wace ce, kuma a wace lamba ka tsaya da gwaji?

4. Fitar da duk masu raba 220 da na 284, ka tara kowanne ban da ita lambar.

5. Mai shago ya sayi katan 360 na man girki, yana so ya jera su layi-layi daidai ba saura. Warware 360 har tushe, ka ƙirga masu raba ta, sannan ka faɗi ko mai giɓi ce, ko kammalalliya, ko mai rara.

6. A kuɗin Nijar, dala ɗaya sefa 5 ce, jikka ɗaya sefa 1,000. Sefa 1,267,000 dala nawa ce, kuma jikka nawa?